Giyar hannu ko otomatik: dalilin da ya sa wasu ke sayen motar gudu da ta fi jinkiri

A watan Maris na 2013, a bikin baje kolin motoci na birnin Geneva, kamfanin Porsche na Jamus ya fito da sabuwar 911 GT3. Motar ta fi wadda ta gabace ta ƙarfi da gudu, injinta kuma yana juyawa har sau 9,000 a minti ɗaya. Sai dai waɗanda suka leƙa wajen ƙafafun direba sun ga abin da ya sosa musu rai: totur ne da birki kawai, babu kuloci. Tun 1999 da aka fara ƙera GT3, da giyar hannu ake sayar da ita. Yanzu kwamfuta ce za ta riƙa canja giyar.

Injiniyoyin kamfanin suna da hujjar da ba a iya musawa, wato agogo. Sabuwar giyar ta fi kowane direba saurin canji. Duk da haka masu sayen motar ba su daina ƙorafi ba, har a 2017 Porsche ya mayar da giyar hannu cikin GT3. Kamfanin ya san ta fi jinkiri, masu sayen ma sun sani, suka kuma riƙa biyan kuɗinta. Kafin a gane yadda hakan ya faru, sai an fara sanin aikin da giya ke yi a mota.

Gurbin da ake faɗa a kansa

Injin fetur ba shi da ƙarfi idan yana juyawa a hankali, kuma akwai iyakar da ba zai wuce ba. Ƙarfinsa na gaske yana cikin wani ɗan tsakani ne na juyi. Taya kuwa tana farawa daga tsaye cik. Ko a gudun kilomita 100 a awa, juyin tayar mota bai wuce kusan 800 a minti ba, alhali injin na iya kasancewa a 6,000 ko fiye. Giyabos ne ke sasanta su: giya ta ɗaya tana ba da ƙarfin ja, manyan giyoyi suna ba da gudu.

Wanda ya taɓa tuƙa babur irin Boxer ya san sauran. Kafin a sa wata giya sai an matse kuloci, wanda ke raba inji da taya na ɗan lokaci. A mota mai giyar hannu ƙafar hagu ce ke wannan aikin: direba ya ɗaga ƙafa daga totur, ya taka kuloci, ya tura sandar giya, ya saki kuloci, ya koma totur. A duk tsawon wannan lokacin injin ba ya tura motar, tafiya kawai take da ragowar gudunta. Ƙwararren direba yakan ci kusan rabin sakan a kowane canji. A hanyar zuwa kasuwa babu wanda ya damu da rabin sakan. A filin tsere kuwa, inda ake canja giya sau da dama a zagaye ɗaya, tazara ce mai yawa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 14 a cikin rabin sakan.

Duk tarihin giyar motocin gudu a shekaru arba'in da suka wuce ƙoƙari ne na toshe wannan gurbin.

Otomatik ba iri ɗaya ba ce

A wajen dillalan mota, duk motar da ba ta da kuloci sunanta otomatik. Amma a cikin giyabos abubuwa uku ne daban, kuma rikita su ne ke sa musu tsakanin samari ya ƙi ƙarewa, don kowa da irin wadda yake nufi.

Ta farko ita ce tsohuwar, wadda kamfanin General Motors na Amurka ya fara sayarwa da yawa a motocin Oldsmobile na 1940 da sunan Hydra-Matic, daga baya aka inganta ta zuwa irin wadda ke cikin yawancin Camry da Accord. A maimakon kuloci, mai ne ke haɗa inji da giya. Misalinsa kamar fanka biyu ne da ke fuskantar juna: an kunna ɗaya, iskarta tana juya ɗayar, sai dai a nan man giya ne a madadin iska. Tana da laushi, ba ta mutuwa a cunkoso, amma a da tana zubar da ƙarfin inji, giyoyinta uku ne ko huɗu, kuma takan yi nawa kafin ta amsa totur. Ita ce ta ja wa otomatik sunan motar malalata. A shekarun 1970 da 1980 sunan ya dace da ita.

Ta biyu daga tseren Formula 1 ta fito. A 1989 Ferrari ya shigo da mota mai lamba 640, wadda injiniya John Barnard ya tsara. Giyarta ta hannu ce a ciki, amma na'ura ce ke matse kuloci da tura giya, direba kuwa yana jan wasu 'yan faifai biyu ne a bayan sitiyari da yatsunsa, na dama don hawa, na hagu don sauka. A gwaji motar ta sha lalacewa, amma Nigel Mansell ya ci tseren farko da ita a Brazil. Cikin 'yan shekaru sauran ƙungiyoyi duk suka bi sahu. A 1997 Ferrari ya sa irin wannan tsarin a motar titi, F355 F1, BMW ma ya yi nasa mai suna SMG. A filin tsere suna da daɗi. A cikin gari kuwa sai fizga da tangal-tangal, kamar ɗan koyo ne ke tuƙi, saboda gurbin nan yana nan, gajarta shi kawai aka yi. Lamborghini Aventador, da aka ƙera daga 2011 zuwa 2022, na cikin manyan motoci na ƙarshe da suka riƙe wannan salon.

Ta uku ce ta sauya komai: giya mai kuloci biyu. Dabarar ba ta da wuyar ganewa. An raba giyabos gida biyu, kowanne da kulocinsa. Ɗaya yana riƙe da giya ta 1, 3, 5 da 7, ɗayan yana riƙe da ta 2, 4 da 6. Yayin da mota ke tafiya a giya ta uku, kwamfuta ta riga ta sa ta huɗu a ɗaya ɓangaren, tana jira. Lokacin canji na yi, kuloci ɗaya yana saki, ɗayan yana kamawa a lokaci guda. Ba a kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba an gama, kuma ƙarfin inji kusan bai yanke ba. Porsche ya gwada ta a motocinsa na tsere, 956 da 962, a shekarun 1980, da sunan PDK, amma na'urorin lantarki na wancan zamani ba su kai su sarrafa ta lami lafiya a kan titi ba. Volkswagen ne ya fara sayar da ita ga jama'a a Golf R32 a 2003 da sunan DSG. Bugatti Veyron ta zo da ita a 2005, Nissan GT-R a 2007, Porsche 911 kuma a 2008.

Aikin da kwamfutar ke yi a nan ya yi kama da yadda waya ke hasashen kalmar da mai rubutu zai buga ta gaba. Tana duba yadda aka taka totur, gudun mota, birki da juyin sitiyari, ta yanke shawarar giyar da za ta ajiye a shirye. Idan ta yi kuskure, ta shirya ta huɗu direba kuma ya buƙaci ta biyu, sai a ji ɗan jinkiri. Shi ya sa sabunta manhajar giya kan sauya halin mota ba tare da an kwance ƙusa ko ɗaya ba.

Abin mamaki, tsohuwar nan mai aiki da mai ta farfaɗo. Kamfanin ZF na Jamus ya fito da mai giya takwas, 8HP, a ƙarshen shekarun 2000. Da mota ta ɗan motsa, wani kuloci na ciki yana kulle inji da giya, zubar ƙarfin nan ya tsaya. Ta yi sauri har BMW ya ajiye mai kuloci biyu a M5 ta 2017 ya koma gare ta, haka ma a M3 da M4 da suka biyo baya. Ita ce a Toyota Supra, Alfa Romeo Giulia, Dodge Challenger da wasu motocin Jaguar da Aston Martin. Akwai kuma CVT, mai aiki da bel ba tare da matakan giya ba. Ƙungiyar Williams ta gwada ta a motar Formula 1 a 1993, hukumar tseren ta haramta ta kafin ta shiga gasa. A motocin gudu na titi ba ta samu karɓuwa ba.

Hukuncin agogo

Gwaji mafi adalci shi ne mota ɗaya, inji ɗaya, giya biyu. Porsche 911 GT3 ta 2021 tana da ƙarfin doki 510 ko da wace giya aka saye ta. A alƙaluman kamfanin, mai PDK tana kai kilomita 100 a awa daga tsaye cikin sakan 3.4, mai giyar hannu kuma 3.9. Rabin sakan ke nan, kuma sai idan direban gwani ne bai yi kuskure ba. Mai PDK kuwa ko wanda ya karɓi lasisi jiya zai samu 3.4 ɗinsa: ya taka birki da ƙafar hagu, ya danne totur, ya saki birki, kwamfuta ta yi sauran. Giyar hannu ta ci a wurare biyu ƙanana. Ta fi sauƙin nauyi da kilo 17, kuma ƙololuwar gudunta kilomita 320 ne a awa, ɗayar 318.

Tsohuwar maganar cewa giyar hannu ta fi tattalin mai ita ma ta tsufa. Gaskiya ce a zamanin otomatik mai giya huɗu. Yau mai giya takwas ko goma tana ajiye inji a ƙaramin juyi a kan babbar hanya, kuma a yawancin motoci tana yin kunnen doki da ta hannu ko ta fi ta.

Kamfanonin Italiya ba su tsaya jan magana ba. Ferrari 458 Italia ta 2009 ta fito babu zaɓin giyar hannu, kuma a farkon shekarun 2010 kamfanin ya daina yin ta gaba ɗaya, don masu nemanta sun ragu ƙwarai. Lamborghini ya rufe nasa babin da Gallardo a 2013. McLaren na Birtaniya, tun dawowarsa ƙera motocin titi a 2011, mai kuloci biyu yake sa wa. A 2020 Chevrolet Corvette ta Amurka ma ta bi, da giya takwas mai kuloci biyu kaɗai.

Abin da agogo ba ya aunawa

To me ya mayar da Porsche baya? A 2016 sashen motocin GT na kamfanin, ƙarƙashin Andreas Preuninger, ya fito da 911 R: inji mai ƙarfin doki 500, giyar hannu mai mataki shida, guda 991 kacal. Nan da nan aka saye su, waɗanda suka samu kuma suka riƙa sayarwa a kan kuɗin da ya ninka na kamfani. Saƙon ya isa. Shekara ɗaya bayan haka GT3 ta dawo da kulocinta. A 2023 aka yi 911 S/T guda 1,963, dukkansu masu giyar hannu. Amma GT3 RS, wadda aka ƙera don neman lokaci mafi sauri a filin tsere, an bar ta da PDK kaɗai. A nan kamfanin ya raba gardama da kansa: mai neman lokaci ga tasa, mai neman tuƙi ga tasa.

Mai waya zai gane wannan da sauri. Kyamarar wayar zamani, idan aka bar ta ta yi aikinta, takan fitar da hoto mai kyau fiye da wanda yawancin mutane za su ɗauka idan suka ce su za su saita haske da saurin ɗauka da kansu. Duk da haka akwai masu shiga saitin hannu, saboda hoton da ya fito nasu ne, kuskurensa ma nasu ne. Haka giyar hannu take. Daɗinta yana cikin yiwuwar a ɓata.

Babban misali shi ne saukar da giya kafin kwana. Direba yana taka birki da yatsun ƙafar dama, ya taka kuloci da ta hagu, sannan ya karkata dunduniya ko gefen ƙafar daman ya ɗan taɓa totur, don juyin inji ya tashi ya dace da ƙaramar giyar da zai shiga. Ƙafa biyu, feda uku, a lokaci guda. Idan ya dace, giya na shiga kamar an shafa mata mai. Idan bai dace ba, mota ta fizge, tayoyin baya ma suna iya zamewa. Mutum kan yi watanni yana koyo, kuma ranar da ta zauna masa ba ya mantawa. Nissan 370Z ce ta fara zuwa da na'urar da ke taɓa totur ɗin a madadin direba, yanzu kuma motoci da yawa suna da ita, tare da maɓallin kashewa ga mai son ya yi da kansa.

Akwai kuma batun gudun da doka da hankali suka yarda da shi. Mota mai ƙarfin doki 700 da giya mai kuloci biyu takan wuce iyakar gudun yawancin hanyoyi cikin sakan huɗu, daga nan sai birki. Mazda MX-5, da ake ƙerawa tun 1989, ƙarfinta bai kai doki 200 ba, amma direbanta yana aiki da hannu da ƙafa a kowace kwana ba tare da ya kai gudun da zai kashe shi ba. Honda har yanzu ba ya sayar da Civic Type R sai da giyar hannu. Toyota ya fito da Supra a 2019 da otomatik kaɗai, ƙorafi ya yi yawa, a 2022 ya ƙara ta hannu.

Kuskuren kuwa yana da farashi. Direban da ke gudu a giya ta huɗu ya nufi ta biyar, hannunsa ya kauce ya faɗa ta uku ko ƙasa da haka, tayoyi za su tilasta wa inji juyin da ya wuce iyakarsa, kuma na'urar da ke kayyade juyi ba za ta iya hanawa ba, don ba fetur ne ke juya shi ba a lokacin. Bawul na iya lanƙwashewa nan take. Otomatik ba ta yarda da wannan umarnin: ko an ja faifan sauka, sai ta ƙi.

Dalilin da ya sa take ɓacewa duk da haka

Masu sonta suna da murya, amma ba su da yawa, kuma kowace giya da kamfani zai sa a mota sai ta ci kuɗin ƙira da gwajin hayaƙi na daban. A gwajin hayaƙi na Turai kwamfuta tana zaɓar giyar da ta fi rage gurɓata iska, abin da ba a iya tilasta wa ɗan Adam. Injinan zamani masu turbo suna da ƙarfin jan da ke buƙatar kuloci mai nauyi. Motoci masu haɗa fetur da batir sun fi jituwa da otomatik, haka ma na'urorin da ke tsayar da mota su tayar da ita da kansu a cunkoso. Mercedes-Benz ya fara janye giyar hannu daga motocinsa a 2023, Golf GTI ma ta rabu da tata a 2024. Ko doka ta taɓa shiga tsakani: a 2021 an ɗan dakatar da sayar da GT3 mai giyar hannu a jihar California saboda wani tsohon tsarin gwajin ƙara, kafin a warware matsalar.

Sakamakon shi ne abu ya juye. A da giyar hannu ce ta mai ƙaramin ƙarfi, otomatik ta mai hali. Yau a saman kasuwa ta hannu ce kayan alfarma. Gordon Murray T.50, mai injin V12 da ke juyawa har 12,100 a minti, guda 100 aka yi, da giyar hannu mai mataki shida. Pagani Utopia ta 2022 ta zo da zaɓin mai mataki bakwai.

Ga mai sayen ta hannu ta biyu

Yawancin Mustang, Challenger ko BMW da ke yawo a Abuja da Kano an yi amfani da su a waje kafin su iso, kuma tunda da yawa daga Amurka suke, otomatik ce ta fi yawa. A nan lissafin ya bambanta da na Jamus. Giyar hannu ƙarfe ce da mai. Kulocinta yana cinyewa, amma bakaniken da ya saba da Golf ko tsohuwar Peugeot 504 ya san yadda ake canja shi, kuma idan batir ya yi sanyi ana iya tura motar ta tashi. Mai kuloci biyu tana da wani akwati da ya haɗa kwamfuta da bawul-bawul na mai. Idan ya samu matsala sai an nemi na'urar bincike da wanda ya iya karanta ta, kayan gyaran kuma ba su da araha. Manta na musamman ne, kuma zuba mata wanda ba nata ba hanya ce ta kashe ta. Irin wadda kulocinta ba ya cikin mai takan yi zafi idan ana jan jiki a cunkoso cikin rana. Mai giya takwas ta ZF da ire-irenta sun fi haƙuri da irin wannan tuƙi, muddin ana canja musu mai a kan kari. Wanda kuma kullum yake cikin gosulo ya tuna cewa kulocin motar gudu yana da tauri, kuma ƙafar hagu ce za ta biya.

Lokacin da manhaja ta fara kwaikwayo

Motar lantarki ba ta buƙatar wannan musu, don injinta yana ba da ƙarfinsa tun daga tsaye. Yawancinsu giya ɗaya gare su. Porsche Taycan ta 2019 tana da biyu a tayoyin baya, kuma direba ba ya taɓa su. Amma a 2023 Hyundai na Koriya ta Kudu ya fito da Ioniq 5 N, wadda manhajarta ke kwaikwayon giya takwas da babu su. Direba ya ja faifai, mota ta ɗan fizge kamar ta canja giya, lasifika ta ba da ƙarar inji, idan ma ya ƙi hawa giya sai ta tsaya a iyakar juyi na ƙarya. Kunna wannan tsarin yana rage mata sauri, kuma yana cikin abubuwan da masu gwajin motoci suka fi yaba mata. Toyota ma ya nuna motar gwaji ta lantarki mai sandar giya da kuloci waɗanda ba a haɗa su da komai ba sai waya da kwamfuta.

Kamfanin Koenigsegg na Suwidin ya bi ta wata hanyar a 2022 da CC850, wadda aka yi niyyar ƙera guda 50, buƙata ta sa aka kai 70. Giyarta otomatik ce mai mataki tara, amma tana da sandar giya da fedar kuloci. Direba na iya barin ta ta yi komai da kanta, ko ya mayar da ita ta hannu mai mataki shida. Fedar ba ta haɗe da kuloci kai tsaye, saƙo take aika wa kwamfuta. Injiniyoyin sun tsara ta yadda idan direba ya saki fedar da gaggawa a giya ta ɗaya, motar za ta mutu a tsakiyar titi, sai ya sake tayar da ita.